Tulun da Inna Tumba Ta Bari

Shekara ashirin ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Inna Tumba, Allah ya jiƙanta, kuma bana ce yayana Bawa ya ga dama ya liƙa sunanta a jikin leda yana sayarwa. Duk wanda ya ratsa kasuwar Talata Mafara ya gani: wani jan gari, an rubuta masa "Yajin Inna Tumba, sirrin miyar gargajiya". Ni aji huɗu na tsaya a boko, amma harshena bai yi fashin makaranta ba. Na lasa. Gishiri ne da dunƙulen miya na kanti aka niƙa, aka zuba kala.

Bari in gaya muku wace ce ake ci da sunanta.

Lokacin aikin dam ɗin Bakolori ruwa ya ci gonarmu, ya haɗa da itatuwan ɗorawar da kakanmu ya bari. Aka kwashe mu zuwa sabon matsuguni wajen Maradun. Maza na kukan gona, Inna na kukan ɗorawa, don da ƙwayarta, wato kalwa, take daddawa. Ranar tashi ta hana a ɗauki gadonta sai da aka gama loda tukwane. Daga baya ma ni ta riƙa korawa kasuwar Janbako a ƙasa in sayo mata kalwa.

A wurin Inna, gidan da ke da gero da dawa da wake ya tsira daga yunwa, amma bai tsira daga kunya ba. Sai an ga daddawa a tukunya, kuka da busasshiyar kuɓewa a ragaya, kanwa da tsamiya a ƙwarya, barkono da citta da masoro da kimba a ƙunshe, da ɗan man shanu wanda wata ƙawarta Bafulatana ke kawo mata. Da noman rani ya kawo tumatir har yana ruɓewa a bakin hanya, sai ta yanka ta shanya, ya zama kauɗa, mu ci har damina. Baƙo bai taɓa faɗo mata ta aika maƙwabta roƙon gishiri ba.

Shi kuwa Bawa, ya samu aikin wanke tukwane a kicin ɗin Turawan dam. Kafin wata ya ƙare ya dawo da farar hula, ya ce daga yau sunansa Kuku. In ya shigo ɗakin Inna sai ya toshe hanci.

"Inna, wanga wari hwa shi ka kashe mutane! Turawa ba su cin ruɓaɓɓen abu."

Sai ya zazzage mata tsaraba: tumatirin gwangwani, kori, kwalin dunƙule, har da wata kwalba mai wani abu launin ruwan ɗorawa da Turawa ke shafa wa nama. Abin kwalbar nan Inna ta ɗauka man zafi ne, ta shafe gwiwoyinta da shi, kuma ta rantse ya yi mata aiki.

To ga inda Bawa ya ɓata. Shi ne ɗan fari, kuma kun san iyayenmu mata da kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yi masa gardama. Sai dai ta dube ni ta ce, "Garba, amshi kayan mutumen ga ka aje." Ta tashi ta kaɗa miyar kukarta da daddawa da man shanu. Bawa ya nannaɗe hannun riga ya share malmala uku, ya suɗe yatsu, ya ce, "Kun ji bambanci ko? Aikin dunƙule ke nan!" Inna ta juya fuska ga bango, kafaɗunta na rawa. Shi a zatonsa kukan murna take.

Wani lokaci nakan ce da za ta leƙo ta ga ɗakunan girkin yau, me za ta ce? Robobi a jere, kowace da rubutu, amma miyar gidan liman da ta gidan direba bakinsu ɗaya. A gidana ma ba a tsira ba. Matata na jefa dunƙule kamar tana jifan Shaiɗan, 'ya'yana kuma in sun ji daddawa sai su kama hanci irin na baffansu. Ina ci, ya zan yi? Amma ban taɓa cewa miyar Inna ce ba.

Da aka zo rabon kayanta, Bawa ya ɗauki rediyo da kwanon rufi, ya ce ni in kwashe tukwanen wari. A cikinsu na iske wani tulu an rufe bakinsa da faifai an ɗaure da tsumma. Na buɗe, na gani, na mayar na rufe. Shekara ashirin ban gaya masa ba, don abin da ita ta rufa masa asiri a kai, ban ga dalilin in tona ba.

Sai ran nan ina shan shayi a tasha na ji muryarsa a rediyo, yana cewa mahaifiyarsa ba ta taɓa ɗora tukunya ba sai da haɗin da ya koya mata, kuma shi ne yanzu ya ƙulla wa jama'a a leda. Mai shayi ya dube ni ya ce, "Ashe daɗin miyar Innarku na kanti ne?" Abin da ya rage mata a duniya ke nan, sunan miyarta a bakin tsofaffin da suka ci, shi ma za a ƙwace.

Ranar Talata na ɗora tulun a babur. Na tarar da shagonsa cike da mata. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, na tambayi kasuwa, ban rage komai ba. Sannan na ɗora tulun a kan teburinsa na kwance tsumman. Dunƙule ne tun na zamanin dam, da takardunsu, sun narke sun haɗe sun zama dutse guda.

Na ce, "Yaya Bawa, ga gadonka da ka manta. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa shiga tukunyarta ba. Duk malmalar da ka share, da ruɓaɓɓen abin nan ka share ta. Ita ta ji kunyarka har ta koma ga Allah ba ta kira sunanka ba. Kai ma ka ji kunyarta, ka cire nata daga ledarka."