Matar da ta sa asibitinmu ya juya wa titi baya

Kullum da sassafe, kafin jirgin ruwa ya tashi, za ka ga Fuatino Leuluai a tasha da tsohuwar jakarta, tana cin dafaffen gwaza da madarar kwakwa. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ranar Juma'a za ta ajiye aiki, ni kuwa na rantse ba za ta tafi shiru ba.

Aikinta ba na a zo a gani ba ne. Gwamnati kan rage wa masu kuɗi haraji idan suka zuba jari a tsibiran talakawa irin namu na Samoa. Fuatino ce ke farauto su, ta karkato da kuɗin inda ake bukata. Abin da muke bukata kuwa asibitin wankin ƙoda ne, don masu ciwon sai dai su ƙaura zuwa babban tsibiri, da yawa gawarsu ce ke dawowa.

Ta samo masu zuba jarin, suka ba da wa'adin wata guda: ko a sami fili, ko su kai kuɗin wani wuri. Filin na danginmu ne, ba a ba da hayarsa sai da yardar shugaban dangi, kawuna Pesamino. Kamfanin ginin ya aiko wani dogo, ya tsaya ƙerere a kan dattijo yana zuba bayani. Kawu ya dube ni ya ce, "Wannan gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa ne? Ce masa ban yarda ba." Gari ya ɗauka taurin kai ne. Ni ma, Allah ya yafe mini, haka na ɗauka.

Fuatino, ke ce kika zo kika cire takalmi, kika tanƙwashe ƙafa a tabarma, kika shimfiɗa zanen ginin a ƙasa. A gabana aka yi.

"Baba, nuna mini inda ya ɓata maka rai."

Ya dangwala yatsa. "Nan motoci za su riƙa tsayawa, ko? To, nan Lupe take kwance."

Kabarin matarsa ne, a ƙofar gida inda muke binne namu, inda yake zama kullum da yamma. Ba wanda ya taɓa tambayarsa.

"Baba, in na juya ginin fa?"

"Ke, 'yar nan, gini tukunya ne da za ki juya?"

"Ba ni mako biyu."

Fuatino ta takura wa masu zane da masu kuɗi har suka gaji suka sake komai. Kawu ya sa hannu ana saura kwana biyu wa'adi ya cika. Shi ya sa asibitinmu ke kallon dutse maimakon titi, baƙi suna ta dariya suna neman ƙofa. Su yi ta yi.

Mun gode, Fuatino, mai zama kafin magana. Ku matasan da za ku gaji jakarta, ku fara koyon zama a tabarma ku tambaya.

Bara ciwon ya kama Kawu. Bai ƙaura ko'ina ba. Sau uku a mako yakan taka da ƙafa ya shiga asibitin, ya zaɓi gadon bakin taga, inda yake hango Lupe.