Shekarun da Baba Ya Yi a Bakin Murhu

Wata Lahadi ce, a daminar da ta biyo bayan fara shari'a a jiharmu, ina aji uku na firamare. Duk namijin da ke da akuya ko tinkiya a ƙauyenmu ya kama hanyar kasuwar Mai'adua tun da hantsi, amma Baba yana tsakar gida a kan kujera 'yar tsugunno, ni ina zaune tsakanin gwiwoyinsa, yana yi mini kitso da yatsunsa masu kantar fartanya. Tsagar ta karkace, yana ja ina hawaye, Inna tana kwance a tabarma tana nuna masa da hannun hagu. A haka yayansa, Baffa Lawal, ya shigo. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "Sale, yau kasuwa, kana nan kana kitso? Wallahi ka zubar mana da mutunci." Baba bai ko ɗaga kai ba. "Gobe makaranta, Yaya," in ji shi, "ba za ta je da kai a tsefe ba."

Kafin wannan rana da shekara guda Inna ta haifi autarmu, kwana tara bayan suna ta faɗi a bakin randa, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Mu huɗu ne, duk mata, ni ce babba. Gwaggonmu ta zauna har aka yi arba'in, ta koma ɗakinta. Daga nan aikin gida ya dawo kan Baba, wanda aka sani da noman gero da dillancin awaki. In ya dawo masallacin asuba ya hura wuta, ya ɗora ruwan zafi, ya ɗauki Inna cak ya kai ta bayan gida, ya wanke ta, ya canja mata zane. Shi ke surfe, shi ke daka, mu muna tankaɗe. Tuwonsa na farko duk gudaji ne, miyar kukar kamar ruwan wanki, muka ci muna dariya, shi ma yana yi. Da la'asar yana tsugune yana ba Inna fura da ludayi, yana ba ta labarin gona kamar yadda ya saba, mu muna carafke a gefe.

Abin da har yau ke tafasa mini zuciya shi ne yadda gari ya karɓi wannan. Lokaci ne da kowa bakinsa cike da maganar addini. A majalisar ƙofar masallaci ana ta zancen haƙƙin mace a kan miji, ana gyaɗa kai. Amma in Baba ya wuce da tulu zai je rijiya, waɗannan mutanen ne za su yi ƙasa da murya, wani ya ce, "Ga uwargida nan ta fito." Babu wanda ya taɓa aiko matarsa ta dama mana ko kunu. A makaranta yara suka sa mini suna 'yar mai tuwo. Ranar da wata Asabe ta kira ni da shi a filin wasan gala-gala, na kayar da ita na cika mata baki da ƙasa, aka yi mini bulala shida. Da Baba ya ga sawun a bayana, ya shafa mini man shanu ya ce, "To ƙarya ta yi? Ni nake tuwon. Gobe ki ba ta haƙuri." Na ba ta, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Da kaka ta yi, Baffa ya tara dangi a zaurenmu. Ina laɓe a bayan zana na ji komai. Shawararsu ita ce a mayar da Inna gidan iyayenta, can ƙetaren iyaka, bayan Kongolam, mu kuma a rarraba mu gidajen 'yan'uwa, Baba ya koma harkarsa kamar kowane namiji. Har sun gama rabon, ni gidan Baffa aka ba. Baba ya saurare su har suka gama. "Da ƙafarta ta shigo gidan nan," ya ce. "Don ƙafar ta daina aiki ba zan ɗauke ta in mayar ba. 'Ya'yana kuma ba hatsi ba ne da za a raba." Baffa ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Kafin shuka ta gaba ya raba gandun da suke nomawa tare, ya riƙe wajen da ke da taki, ya bar wa Baba jigawar da ko ƙaiƙayi ba ta cika bayarwa ba. Masu ba shi dabbobi ya sayar suka janye, wai ba ya zama a kasuwa. Akwai shekarar da muka ci tafasa da ƙuli har gero ya nuna. Duk da haka ba a raba mu ba, kuma ba wadda aka cire daga makaranta.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka, har Inna ta rasu a hannunsa. Bayan shekara uku ya bi ta, bayansa ya riga ya ranƙwafa. Ranar zaman makoki ina cikin gida na jiyo muryar Baffa daga zaure, yana cewa da baƙi, "Ai ba a yi miji irin Sale ba a garin nan." Ƙannena ne suka riƙe ni, da na fita.

Yanzu in na je gida daga Daura, tsofaffin majalisar nan ne ke tsayar da ni, su ce Allah ya jiƙan mutumin kirki, har suna ba samari labarinsa don su yi koyi. Ina amsawa da amin in wuce. Gidan ya zama na bulo, akwai famfo a ƙofa, 'ya'yana suna wasa a inda ba su taɓa ganin kakansu ba. A ciwonsa na ƙarshe na ji shi da kunnena yana cewa ya yafe wa kowa. Ni dai har yau ban iya ba.