Dubiya ta Bayan Taga

Shekarun baya kaɗan, kaluluwa ta fito wa mahaifina a wuya da hammata. Mu a Lakwaya mun san kaluluwa ba ta zuwa sai da ciwo a wani wuri, don haka muka duba shi har tsakanin yatsun ƙafa, ba ko ƙwarzane. A asibiti aka fara ba shi maganin tarin fuka, ya sha wata da watanni, sai rama da zazzaɓi. Daga baya aka yanki ɗaya a Kano aka auna, aka ce wata cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba. Har yau in na faɗi sunanta sai ƙanwata ta yi dariya, don bakina bai iya shi ba.

Maganin ya karɓe shi, amma cutar da maganin sun taru sun karya masa garkuwar jiki. Likita ya ce mura kaɗai za ta iya tafiya da shi, saboda haka ba dubiya, ba musafaha. Wannan fa mutumin da ko tuwo ba ya iya ci shi kaɗai.

Ni aka ɗora a zaure, kuma na zaƙe. Limami ma na mayar da shi, ina wani ɗaure fuska kamar ni na rubuta dokar.

Ran nan amininsa na ƙuruciya ya zo daga Dugabau a kan babur, wani dattijo mai kiwon shanu. Bayan doguwar gaisuwa na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ka yi haƙuri, likita ya hana shiga."

Bai yi musu ba. Ya tambaye ni ta ina tagar ɗakin take, ya zagaya bayan gida, ya shimfiɗa buzunsa a gindin bango ya yi sallama. Daga nan duk Juma'a sai ya zo. Ina jin su suna gardamar shekarar da aka yi fari, da wanda ya kayar da wani a kokawa. Wata rana mahaifina ya roƙe ni in bar shi ya shigo ko minti ɗaya, na ƙi.

Saura mako biyu likita ya sassauta dokar, Juma'a ta zo dattijon bai zo ba. Washegari aka aiko mana ya rasu, ciwon kwana ɗaya.

Mahaifina ya samu sauƙi, yanzu har gona yana zuwa. Na san da abin zai maimaitu, haka zan sake yi, amma sanin bai rage min kewar muryoyin nan biyu ba. Bai taɓa zargina ba. Sau ɗaya kawai, bayan an sassauta dokar, muna dawowa daga ta'aziyyar, ya ce min, "Ni nake ta shirin tafiya, ashe shi ne zai riga ni. Da dai na riƙe hannunsa."