Mai Tsiren Bangon Ɗa'if

Duk la'asar ɗin da hayaƙin tsire ya shigo ta tagar gidanmu a unguwar Misfala ta Makka, nakan tuna kakana da hular kwano a kansa. Mu jikoki Sidi muke ce masa, matarsa kuma Sitti, yadda yaran Makka ke kiran kakanninsu. Amma in su biyun za su yi faɗa, da Hausar Kano suke yinsa, wai Larabci ba ya ɗaukar yaji.

Faɗan nasu guda ne. Sidi ya ce da ƙuruciyarsa, in zafi ya kori mutanen Makka zuwa kan dutsen Ɗa'if, shi ne sarkin tsiren garin. Sitti ta ce ita a Misfala ta san shi, kuma iyakar labarin da ta ji, gawayi yake ɗauko wa masu tukuba. Sai ya hau jan carbi da ƙarfi. Muna dariya, amma ko a lokacin na lura abin yana yi masa ciwo.

Ina da shekara goma sha uku wani maƙwabci ya zo da labari: an yi zane a bangon tsohon garin Ɗa'if, har da mai tsire baƙin mutum. Sidi ya miƙe tsaye.

"Ni ne."

"Kai ne, Alhaji," in ji Sitti, "in an zana buhun gawayi."

Sidi ya ce sai an je an gani. Lungunan tsohon garin ba sa shiguwa da mota, gwiwoyinsa kuma ba sa son hawa. Sai kawuna ya samo masu zagayawa da baƙi a kan keke mai batir, da jagora a gaba yana ba da tarihi. Sitti ta ƙi zuwa. Ni aka ba wa wayar ɗaukar hoto, ni ce shaida.

Safiyar tana nan a idona. Hazo kwance a kan duwatsu kamar audugar da aka shiɓa, birai a bakin hanya suna kallonmu kamar masu jiran bayani, iska mai ƙamshin wardi. Jagoran ya ce wa Sidi ya taka feda a hankali, injin zai taimaka. Sidi ya ce shi ya hau keke tun kafin a haifi uban jagoran. Ya yi bismillah, ya taka da ƙarfinsa na da. Keken ya zabura da shi. Muka ga farar rigarsa ta cika da iska ta wuce mu duka, yana salati yana kiran birki da baki, kamar jaki ne zai ji. A gindin wata bishiyar rumman muka same shi, yana gyara hula.

"Na zo duba muku hanya ne."

Daga nan ya bi ayari a natse. Muka wuce tsofaffin gidaje masu tagogin katako, da ƙofofin kasuwa, da bangaye cike da furanni da raƙuma da fuskoki. Duk abin da jagoran ya faɗa, Sidi ya ce a Hausa, "Ba haka aka yi ba."

Sai ga bangon. Mutum tsaye gaban tukuba, mafici a hannu, fuskarsa a juye yana magana da wani. Jagoran ya ce wannan naman sunansa siriyya, kuma daga kalmar sirri ya samo asali, domin masu yinsa ba sa faɗin haɗin yajinsu.

Sidi ya sauka daga keke.

"Wane sirri, yarona? Ƙuli-ƙuli ne da barkono da citta. Tsire! A tsinke ake tsire shi. Ce tsire."

"Sire, ya ammi," in ji jagoran, wato ya baffana.

"Tsi!"

"Si."

Baƙi goma suka tsaya a lungu suna gwada tsi, tsi, kamar masu korar kaji. Ni kuwa zanen nake kallo. Mutumin dogo ne siriri mai dogon hanci. Sidi gajere ne mai faɗi. Ya tsaya a gefensa, ya ɗaga haɓa, na ɗauki hoto.

Da muka dawo, Sitti ta sa tabarau ta daɗe tana kallon hoton. Sidi ya kasa zama.

"Ya fi ka tsawo. Ya fi ka hanci." Ta ƙara kusanto da wayar. "Amma dubi yadda ya bar nama na ƙonewa yana surutu. Kai ne."

Ban taɓa ganin tsoho ya ji daɗin zagi kamar ranar ba.

Sidi ya riga mu gidan gaskiya. Bara na koma Ɗa'if, na tarar an shafe bangon an zana wani sabon abu mai launi da ban gane ba. Gari yana sauya fuska yanzu da sauri fiye da yadda mutum ke sauya riga. Da na dawo na tambayi Sitti ko da gaske ta yarda shi ne.

"Ko kunnensa babu a wurin," ta ce. "Amma mutum ya hau dutse a kan keke da gwiwoyin nan don kawai in gaskata shi. In bar shi ya sauko hannu rabbana?"