Kujerar Inna Mai Taga

Tun masu shara ba su gama da farfajiyar kwaleji ba Inna mai taga take isowa. Ta ajiye jaka, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta zare sakatar tagar ofishin jarrabawa, tagar da ta ba ta suna har aka manta da na yanka. Sannan ta jawo wata tsohuwar kujerar katako mai ɗingishi ta ajiye a bakin ƙofa. Haka ta yi shekara da shekaru, har ranar da ta yi ritaya, kuma wallahi ko ruwan sanyi ba wanda ya miƙa mata da sunan ban kwana. To, tunda masu manyan ofisoshi sun yi gum, ni tsohuwa zan buɗe baki.

Ku da ba ku taɓa tsayawa a layin nan ba, bari ku ji. Akwai jarrabawar gyara, wadda ake sake ba wanda ya faɗi a darasi ɗaya ko biyu. Ranar da sakamakonta ya fito, layin ba raha, ba ture-ture, don wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai gabansa ya faɗi. A can ƙarshen baranda kuma akwai ofishin wani Malami mai ba da shawara. Shi ke buga wa wanda ya ci hatimin wucewa aji na gaba, shi ne kuma ya san ƙofofin da suka rage wa wanda ya faɗi: ko ya nemi a sake duba takardarsa, ko ya maimaita darasin kaɗai, ko ya canja sashe. Amma kwalejin nan, mai kuɗin fentin ƙofar shiga duk shekara, ba ta taɓa kafa ko allo mai nuna hanyar ofishin ba. Yaro ya ji ya faɗi, idonsa ya rufe, sai waje. Wasu ba a sake ganinsu.

A nan kujerar ta shigo. In yaro ya faɗi, Inna kan sassauta murya ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana, sannan ta ɗaga murya yadda duk layi zai ji: “Kai, ɗauki kujerar nan ka kai wa Malam a ofishin ƙarshe.” Ya ɗora ta a ka, ta rufe masa fuska, ya wuce abokansa a matsayin ɗan aike, ƙafarsa ta kai shi inda hankalinsa ba zai kai shi ba. Wanda ya ci kuma ta ce masa, “Barka, ɗana. In an buga maka hatimi, ɗauko mini kujerata.” Wani lokaci ta juya, ta ba mai ci ya kai, don kada masu sa ido su gane. In kujera ba ta dawo ba, sai kwamfutar Inna ta kama ciwon kai, layi ya jira. Ɗalibai suka yi ta gulmar cewa ita da Malam rigimar kujera suke yi. Ta bar su da gulmarsu.

Ni ta bakin Autan maƙwabciyata na san sirrin. Yaron nan lissafi ya kayar da shi, ya shiga gyara, yayansa kuwa, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar ubansu, ya rantse masa: “In ka sake faɗuwa, kada in ga ƙafarka a gidan nan.” Maganar zuciya ce, amma yaro ya ɗauke ta da gaske. Ranar sakamako ya zo taga da jakar kaya a kafaɗa, da niyyar in abin bai yi ba ya wuce tasha ya shiga duk motar da ta fara cika.

Inna ta dubi kwamfuta, ta dubi jakar.

“Bai yi ba, ɗana,” ta ce a hankali. Sai ta ɗaga murya. “Ɗauki kujerar nan ka kai ofishin ƙarshe.”

“Inna, sauri nake yi.”

“Saurin me? Ango ne kai? Miƙo jakar, hannunka biyu ne, ba huɗu ba.”

Ta fizge jakar ta tura ƙarƙashin tebur, ta ɗora ƙafa a kai. Auta ya ɗauki kujera ya ɗora a ka.

Bai yi nisa ba ya ci karo da sabon shugaban kwalejin, mutum mai son a gan shi yana gyara. Ya tasa yaron a gaba har bakin taga, kujera a ka, layi ya zuba ido.

“Ke! Wa ya ba ki izinin mai da ɗalibai ’yan dako? Me zai kai yaron nan ofishin ƙarshe da kujera?”

Ku duba fa. Kalma ɗaya za ta wanke Inna. Ta ce yaron faɗuwa ya yi, dabara ce ta kai shi wurin shawara, shi ke nan, wataƙila har yabo ta samu. Amma kalmar nan za ta tsiraita Auta a gaban kowa, ta tsiraita duk wanda ya taɓa ɗaukar kujerar, jakar kuma ta bar ƙarƙashin tebur. Inna ta dubi yaron, ta sunkuyar da kai.

“Laifina ne, ranka ya daɗe. Son jiki ne na tsufa. Amma tunda ya riga ya ɗauka, a bari ya ƙarasa.”

Shugaban ya yi mata tas a gaban sa’o’in ’ya’yan cikinta, ya sa aka rubuta mata takardar gargaɗi. Mace mai furfura, a tsaye, ana nuna ta da yatsa a kan alherin da ta rufe da sunan lalaci! Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Shi da ke zaune a sama, ya taɓa tambaya ina yaran da suka faɗi suke zuwa?

Auta dai ya ƙarasa. Malam ya zaunar da shi, ya nuna masa darasi ɗaya ne tak ya riƙe shi, kuma hannunsa a aikin lantarki ya fi na kowa a ajinsu, yana iya komawa sashen lantarki ba tare da ya fara daga tushe ba. Da ya dawo karɓar jaka, Inna ba ta ɗaga ƙafa ba.

“Tasha ko gida?”

“Gida, Inna. Amma Yaya fa?”

“Ka fara gaya masa abin da Malam ya ce, kafin abin da na ce. Tafi, mai kan kwakwa.”

Yayan ya yi faɗansa na kwana biyu ya huce. Yau Auta ke haɗa wutar gidajen rabin unguwarmu.

Inna, ke ce kika sha zagi don ɗan wani ya kwana a ɗakin uwarsa. Ke ce garkuwar mai jin kunya. Ba ki taɓa ƙara wa kowa maki ba, ba ki taɓa ce wa wanda ya faɗi ya ci ba, amma ba ki bar kowa ya fita da faɗuwarsa shi kaɗai ba.

Da lokacin ritayarta ya zo, sai aka ce ai an ci gaba, yanzu kowa a waya zai duba sakamakonsa. Madalla da ci gaba! Yaro shi kaɗai a ɗaki, waya ta ce masa ya faɗi, ta yi shiru. Wayar ce za ta riƙe masa jaka? Suka garƙame tagar, suka jefa kujerar cikin tarkacen bayan ofis. Auta ne ya ji labari ya zo ya tono ta, ya ɗora a ka, ya bi Inna a baya tun daga ƙofar kwaleji har gida. Ta waiwayo ta ce, “Yau kuma ci ka yi ko faɗuwa?” Ya ce, “Inna, aike ne kawai.”

Mun gode, Inna. Allah ya ba ki inuwa ranar da babu sai tasa. Ku kuma iyaye da yayye, ku daina rantsuwar da za ta kai yaro tasha. Ku ma’aikata, kowa ya nemi irin tasa kujerar.

Makon jiya sakamakon gyara ya sake fitowa. Ina wucewa ta ƙofar gidanta na ga yarinya zaune a kan kujerar nan, waya a hannu, ta kasa dannawa. Inna na tsaye a kanta, tabarau a hanci, tana cewa, “Miƙo jakar tukuna, ’yata. To, yanzu buɗe mu gani.”