Shittu Masunci da Ƙaton Mashin Nai

Shittu masuncin Goronyo cikin kwalekwale yat tashi har yay yi hurhura. Kihinai na lalacewa wurin jiran motar Wurno, sai yac ce mashin za ya saye.

Lawwali dillali yan nuna mai ƙarami. "Baba, wanga ad daidai ɗan koyo."

"Mi? Ƙaramin jirgi ka kihewa. Ba ni babba."

Ranar hwarko, dab da kasuwa, yas saki totur shina jiran mashin shi tsaya don kainai, tunda kwalekwale ba shi da birki. Tulin albasar mutane yat tare shi.

Yanzu kullum shina ɗora kihi bisa ƙaton mashin, shi tura har tasha, shi zamna jiran mota. Wai gwani ne, bai ƙara hwaɗuwa ba.