Tiyar Babana

Kafin a san ni da sata, an san ni da ɗan mai tiyar gaskiya. Babana ma'aunin hatsi ne a kasuwar Guci, Kirista a garin da kusan kowa Musulmi ne, amma har liman wurinsa yake kawo wakensa. Yana da wata ɗabi'a: da ladan ya kira asuba shi ma sai ya tashi, ya durƙusa ya yi tasa addu'ar. Ni kuwa sai in ƙara jan mayafi. Ran Lahadi kaɗai ake ganina a coci, da wankakkiyar riga.

Da ya rasu na gaji wurin zamansa da tiyarsa. Ba mai duba awona, abin da ya fara lalata ni ke nan. Na samo wata tiya irin tasa, na bubbuga gindinta ya shige ciki. Da ta babana nake saye, da lotsattsiyar nake sayarwa. Daga nan sai zuba yashi a gero. Daga yashi sai sauke buhunan mutane daga amalanke a hanyar Dungas. Ranar da dubuna ta cika, jandarmomi suka same ni da buhun waken wata tsohuwa. A gaban alƙali ta ce, "Ba waken nake wa kuka ba. Saboda ubansa ban taɓa kallon hannunsa ba."

Innata ta ɗauke tiyar babana ta kulle a ɗakinta. Ta ce, "Wannan ba ta ƙara shiga hannunka." Maganar ta fi hukuncin zafi.

A gidan kaso na Magariya na haɗu da Malam Idi, wani dattijon makiyayi da shanunsa suka cinye gonar wani. Wata safiya ya idar da salla ya zungure ni da ƙafa. "Kai ɗan mishan, ku sai Lahadi kuke gaida Allah? Na san babanka, ba haka yake ba."

Raina ya ɓaci. Washegari na riga shi tashi, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, don haushi na tashi, ba don Allah ba. Na durƙusa na rasa abin faɗa. Rana ta gaba ma na tashi. A hankali haushin ya wuce, tashin ya zauna. Nakan roƙi Yesu ya riƙe hannuna na yinin nan kawai, in karanta kaɗan daga Maganarsa, sannan in fita aiki. Akwai safiyar da ban ji komai a zuciyata ba, duk da haka na durƙusa.

Da aka sallame ni fastonmu ya ba ni shawara in ƙetara Nijeriya inda ba a san ni ba. Na ce, "Fasto, ba inda za ni. A Guci na zubar da sunan babana, a nan zan tsince shi." Na koma inuwar da yake zama, da tiyar aro. Mata sukan zo da tasu tiyar daga gida su dangwara mini a gaba. 'Yan dako suna dariya, wai a jira kaka ta yi a ga ƙarshen tuban nawa. Kaka ta yi, ta wuce, wata ta sake zuwa, ina nan zaune.

Wata ranar kasuwa na gama addu'a na buɗe ƙofa, sai ga tiyar babana a ƙasa, Inna na tsaye. Ta ce, "Ba don ka ce ka tuba ba, kowa ya iya faɗa. Motsinka nake ji kullum da asuba." Na ɗauke ta, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar babana.

Ku matasa, kada ku jingina da sunan iyayenku yadda na yi, ku ce Lahadi ta ishe ku. A sauran kwanakin mako ake lotsa tiya. Ku kama lokaci guda ku tsaya gaban Allah kullum, ko kuna so ko ba ku so. Masu jiran in koma ruwa kuwa, su samo tabarma, zamansu zai yi tsawo. Ni dai gobe da ladan ya kira, zan tashi.